Hancin Kare Kafin Ƙafar Mutum



Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Mora zuwa Kolofata, ko ya bi hanyar Waza zuwa Kusiri, ya san shirun da kan sauka a mota idan direba ya rage gudu yana duban wurin da ƙasa ta yi kamar an tona. Tun 2014 da Boko Haram ta kawo yaƙinta jihar Arewa Mai Nisa, nakiyar da ake binnewa a hanya ta ci sojoji, ta ci direbobi, ta ci manoma da dabbobinsu. Akwai gonakin da masu su suka daina zuwa, alhali ƙasar tana nan da albarkarta.

Magana ɗaya muka kawo muku yau: a kafa rundunar karnuka masu shinshino nakiya a nan arewa, mazauninta a Garwa, reshenta a Mora.

Na san wani zai yi dariya. Mu a wurinmu kare na farauta ne ko gadin gida, har muna cewa in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. To wannan shinshinar ce ake so. Yawancin nakiyoyin da ake binne mana haɗin hannu ne, wasu a cikin jarkar roba, ƙarfen jikinsu kaɗan. Na'urar neman ƙarfe tana iya wuce irin wannan, ko ta yi ta kuka a kan ƙusa da gwangwani har ma'aikaci ya gaji. Shi kuwa kare ba ƙarfe yake nema ba, warin sinadarin da ke fitowa ta cikin ƙasa yake bi. In ya ji, ba ya tono. Sai ya zauna ya zuba wa wurin ido, mai riƙe da shi ya sa alama, ƙwararru su zo su kwance. Ladansa ƙwallon wasa da shafa kai.

An yi wannan aiki a Afganistan, a Angola, a Bosniya. Mozambik, wadda yaƙi ya cika da nakiya, ta bayyana a 2015 cewa ta gama share wuraren da aka sani, kuma har da karnuka da gafiyoyin da aka horar cikin masu aikin.

Kada mu ruɗe ku, kare ba maganin komai ba ne. Horonsa yakan haura shekara. Zafin Garwa a watan Afrilu ya wuce digiri 40, don haka aikinsa daga asuba ne zuwa hantsi. Iska mai ƙarfi tana ɓata masa wari. Yana buƙatar nama, allura da likita, kuma ƙa'ida ita ce karnuka biyu su bi wuri ɗaya kafin a ce ya tsarkaka. Duk wannan kuɗi ne. Amma Garwa ba kango ba ce. Muna da LANAVET a Bokle mai haɗa allurar dabbobi. Muna da Makarantar Namun Daji tun 1970. Muna da sansanin jiragen yaƙi inda Amurka ta turo sojoji kusan 300 da jirage marasa matuƙa a 2015. Garin da ya ɗauki jirgi marar matuƙi ba zai gaza ɗaukar ɗakin karnuka ba.

Masu riƙe karnukan kuma su zama yaranmu. Wanda ya san Hausa da Fulatanci da Barbarci, ya san wace hanya ake bi ranar kasuwa, shi ne mutanen ƙauye za su gaya wa abin da suka gani da dare. 'Yan sa-kai na ƙauyukanmu sun yi shekaru suna laluben mutane da hannu a bakin kasuwa da ƙofar masallaci, da yawansu sun rasa rai a haka. Su suka fi cancanta a fara ɗauka, da albashi.

Ga mai shakka ta fuskar addini, ya tambayi malamin unguwarsa hukuncin karen farauta da na gadi. Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbar da aka horar, kuma mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta ɗauki jikin kare mai rai najasa ba.

Sai batun 'yan sanda da jandarma. Kare a tashar mota ko kasuwa yana shinshina kaya, ya tsare mutuncin matanmu daga lalube, muna maraba. Kare da za a saki kan jama'a a wurin taro, ko a tsorata ɗan babur da shi a shinge don ya miƙa na goro, ba ma so. A rubuta wannan a doka tun kafin a sayo kare na farko.

Kamaru ta shiga yarjejeniyar Otawa ta hana nakiyoyin da ake binne wa mutane, ta amince da ita a 2002. Wanda ke kan mulki yana nan tun 1982. Duk ɗan takarar da ya zo muku da shinkafa da atamfa, ku tambaye shi a gaban jama'a: wa zai share hanyar Kolofata, kuma a wace shekara?