Gansakukar da muke raina ta shiga ɗakin bincike



Duk wanda ya leƙa kududdufi a Kpakungu ko Tunga bayan damina ya san koren nan da ke lulluɓe ruwa, wato gansakuka. Mu ƙazanta muka ɗauke ta. Amma a gaɓar Tafkin Chadi matan Kanembu sun daɗe suna tace wata 'yar uwarta, su shanya, su sa a miya. Ita ce ake sayarwa a duniya da sunan spirulina.

Yanzu masana suna haɗa irin wannan gansakuka da bakteriyar da aka gyara wa ƙwayoyin gado. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi: gansakuka ta sha rana ta fitar da iskar oksijin, bakteriya ta yi amfani da iskar ta narkar da dattin ruwa, abin da ta narkar kuma ya zama abincin gansakuka. A Amurka har an gyara wata bakteriyar ƙasa, Azotobacter, tana jawo naitirojin daga iska tana ciyar da gansakuka ba tare da takin zamani ba.

Me ya shafe mu? Ruwan kwata, na mahauta da na masu kiwon tarwada duk rafukanmu yake gangarawa. Ba mu kuma manta da 2015 ba, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi. Wasu nau'o'in gansakuka suna zuƙe irin wannan guba daga ruwa.

Ra'ayina, kada mu ƙi abu don mun ji an ce "an gyara". Tun 1982 ake yin insulin na masu ciwon suga da bakteriyar da aka gyara. Sai dai abin da aka saka a rafi ba ya komawa kwalba. Don haka a fara gwaji da nau'o'in da Allah ya ba mu a kududdufanmu. Wanda aka gyara kuwa ya tsaya cikin rufaffen tanki, da izinin hukumar NBMA da aka kafa a 2015.

Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bosso da Gidan Kwano, 'ya'yanmu na ciki. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su gayyato malamanta zuwa taronmu na gaba, su yi mana bayani da Hausa, mu yi tambaya tun kafin jita-jita ta riga su zuwa.

Allah ya sa mu dace.