Sabuwar Salansa Ba Ta Tafiya da Tsohon Saitin Kafireto

Da yamma ta yi a Kano, Kaduna ko Maraɗi, kunne ke fara sanar da zuwansu kafin ido ya gan su: samari a kan Boxer, Jincheng ko Haojue, sun cire salansar kamfani sun ɗaura mai faffaɗan baki, wasu kuma sun sa mai walda ya farke tsohuwar ya zare kayan cikinta. Aikin ba ya cin rabin sa'a a gareji. A kwance noti, a ɗaura, a ɗaure, a murza totur sau biyu, yaro ya biya ya tafi yana murna. Kafireto kuwa babu wanda ya taɓa shi, kuma daga nan asara take farawa. Duk kanikan da ya sauya wa mutum salansa bai duba kafireto ba, rabin aiki ya yi ya karɓi kuɗin cikakke.

Dalilin a lissafi yake. Fetur na buƙatar iska kimanin kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya kafin ya ƙone ƙurmus, kuma inji ya fi ba da ƙarfi idan man ya ɗan fi haka yawa, wajen kilo 12.5 zuwa 13 na iska. Injiniyoyin kamfani sun zaɓi girman jet, wato ramukan da mai ke bi a kafireto, bisa matatar iska da salansar da babur ya fito da su. Idan hayaƙi ya samu hanya a buɗe, yadda silinda ke zubar da shi da yadda take shaƙar sabuwar iska duk sun sauya, alhali ramin da mai ke bi yana nan yadda yake. Sau da yawa sakamakon shi ne iska ta rinjayi mai. Abin ya fi muni idan an haɗa da cire matatar iska, kamar yadda samari da yawa ke yi don su ji ƙarin gurnani, domin tsotson da ke jawo mai daga jet yana raguwa ne a daidai lokacin da iskar ta ƙaru.

Injin da mai ya yi masa kaɗan zafi yake yi. Ƙananan baburan da suka cika titunan Arewa ba su da lagireto, iskar hanya ce kaɗai ke sanyaya su, sai kuma ɗan rarar man da ke shiga silinda yana ɗauke wani ɓangare na zafin. A Sakkwato cikin watan Afrilu, inda zafi kan wuce digiri 40, babur mai ɗauke da mutum biyu da buhun hatsi ba shi da wani sauran sarari. Bawul ɗin fitar hayaƙi ne ke fara ƙonewa, kan fistin ya biyo baya, wata rana a tsakiyar hanya inji ya buga. Mai babur zai zagi man da ya saya, ko ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko, ba zai tuna da salansar da ya ɗaura watannin baya ba.

Babur kuwa yana ba da labari tun da wuri. Idan aka saki totur yana gangara sai a ji tas-tas daga baya. Idan aka murza da sauri sai ya yi kamar zai mutu kafin ya ɗauka. Wani sai an ja masa cok ko da rana tsaka yake lafawa, wani kuma idan an tsaya ƙararsa ba ta sauka da wuri. Wuyan salansa kusa da inji ya rine ya yi shuɗi, kan fulogi ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa-ƙasa. Sai dai kanike mai hankali zai fara duba gasket ɗin bakin salansa, don iska mai kutsawa ta nan ma tana haifar da wannan tas-tas ɗin, kuma babu jet ɗin da zai magance ta.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, roƙon da kanikawa suka fi ji shi ne: “Maigida, a rage masa shan mai.” Roƙo ne na mai neman abinci, babu laifi a cikinsa. Amma babur ɗin da aka riga aka shaƙe masa mai, sannan aka ɗaura masa buɗaɗɗiyar salansa, an haɗa masa cuta biyu ke nan, kuma kuɗin fistin da ringi da bawul zai cinye duk abin da aka tattala a gidan mai.

Gyaran ba sihiri ba ne, haƙuri yake so. Kafireto na aiki ne hawa uku. Daga tsaye zuwa kusan rubu'in totur ƙaramin jet ne da sukurun saiti ke shayar da inji. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu aikin allura ne, wadda a kafireto da yawa take da tsagogi a samanta inda ake sa maƙali: idan aka sauko da maƙalin, allurar ta ɗaga, mai ya ƙaru. Ƙarshen totur kuma na babban jet ne. Don haka sai a fara gano inda matsalar take. Babur ɗin da ke tas-tas idan an saki totur, sauya masa babban jet ɓata lokaci ne. Ana ƙara lamba ɗaya ne, a hau a gwada bayan inji ya yi zafi, a duba fulogi, kafin a taɓa wani abu. Sukurun saitin ma iri biyu ne. Wanda ke ɓangaren inji yawanci mai yake ƙarawa idan an warware shi, wanda ke ɓangaren matatar iska kuwa iska yake ƙarawa, kuma almajirin kanike da bai san bambancin ba zai juya shi baibai yana ganin gyara yake. Lambobin Keihin da na Mikuni, manyan kamfanonin kafireto na Japan, ba a ma'auni ɗaya suke ba, saboda haka 100 na wannan ba 100 na wancan ba ne.

Abin da ya kamata a daina baki ɗaya shi ne buɗa ramin jet da waya ko allurar ɗinki. Tagulla ce mai laushi, bambanci tsakanin lamba da lamba bai kai kaurin gashi ba, kuma ramin da aka buɗa ba ya komawa. Babur zai koma shan mai kamar rariya, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya riƙa warin fetur.

Wuri ma yana da tasiri. Jos na kan tudu kimanin mita 1,200 daga matakin teku, Kano ba ta kai 500 ba. Iskar Jos ta fi sauƙi, don haka babur ɗin da aka saita daidai a can zai iya samun ƙarancin mai idan ya sauko. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matata har inji ya koma kamar mai ya yi masa yawa, sai wani ya rage jet alhali wanke matata kawai ake buƙata.

Ga mai tambaya ko sauya salansar ya cancanci duk wannan wahala, amsar a kan injin cc 100 ko 125 ita ce ribar ƙarfi ƙalilan ce, wani lokaci ma jan da babur ke yi a ƙasan totur raguwa yake. Abin da ya ƙaru tabbas shi ne ƙara, wadda maƙwabta da marasa lafiya ke biyan kuɗinta, kuma Najeriya tana da dokar taƙaita hayaniya tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Indiya, inda ake ƙera Boxer, ta tsaurara ƙa'idar hayaƙi a Afrilun 2020, yawancin baburanta na gida suka koma injin da na'ura ke auna masa mai. Waɗanda suka cika kasuwannin Arewa kuwa har yanzu masu kafireto ne, ma'aunin yana hannun kanike.

Shugabannin ƙungiyoyin kanikawan babur su sa wannan cikin abin da ake koya wa yara kafin a yaye su, masu shagunan kayan gyara su riƙa ajiye jet lamba-lamba kusa da salansar da suke sayarwa. Mai babur kuma, idan kanike ya ce sai ya buɗe kafireto bayan ɗaura salansa, ya ba shi lokaci ya biya shi kuɗin aikinsa. Wanda ba zai iya ba, ya bar salansar kamfani a inda take.