Kira ga Hukumomin Lafiya kan Sankarar Huhu a Illela

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya, Mai Girma Gwamnan Jihar Tawa, da Mai Girma Prefen Illela. Muna kawo muku kukan masu tarin da ya ƙi jin magani a garuruwanmu, daga Illela da Badagishiri har Malbaza da Ƙwanni.

Mai Girma Minista, a ƙasarmu duk wanda ya daɗe yana tari, ya rame, yana tofar da jini, tarin fuka ake fara zato, kuma sau da yawa shi ne. Amma sankarar huhu ma da waɗannan alamomi take zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 ta kashe mutum kusan miliyan 1.8, fiye da kowace irin sankara. Idan aka bar mai ita kan maganin tarin fuka na wata 6, ƙarin sankarar yana ta yaɗuwa a cikin ƙirji. Muna roƙon a umarci kowane asibitin gunduma cewa duk wanda gwajin majinarsa bai nuna tarin fuka ba, kuma tari ya ƙi barinsa, a yi masa hoton ƙirji a tura shi gaba ba tare da jira ba.

Kukanmu mafi girma shi ne gwajin tsokar ƙarin. Ranku ya daɗe, ƙarin sankara ba ƙwayoyin sankarar kaɗai ne a cikinsa ba. Jiki yana tura nasa dakarun, wato fararen ƙwayoyin jini na garkuwa, musamman waɗanda likitoci ke kira CD8, su kutsa ciki su yaƙe shi. Bincike da dama ya nuna cewa majinyacin da waɗannan ƙwayoyi suka yawaita cikin ƙarinsa yakan fi daɗewa a raye. Ita kuwa sankarar tana da makirci: takan fitar da wani sinadari mai suna PD-L1 da ke kashe wa dakarun gwiwa. Binciken da ya buɗe hanyar kwance wannan ɗauri shi ya ba James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan kyautar Nobel a 2018, kuma tun 2015 aka amince da magunguna irin su nivolumab da pembrolizumab ga masu sankarar huhu a Amurka. To amma likita ba zai san halin ƙarin ba sai an ɗebi ɗan tsoka an duba a madubin gwaji. Manomin Illela da aka ce ya tafi Yamai don wannan gwaji, tafiyar fiye da kilomita 400, sai ya sayar da akuya ko hatsin gida, wani ma ya haƙura ya koma ga jiƙe-jiƙe. Muna roƙon a ba babban asibitin jiha na Tawa ma'aikata da kayan ɗibar tsoka, a tsara motar da za ta riƙa kai samfuri ɗakin gwaji a Yamai, sakamako ya dawo wa majinyaci a inda yake. A kuma shigar da shi cikin rajistar masu sankara da ƙasa ke riƙe da ita tun 1992, don a san yawan namu.

Mun yaba da buɗe sashen gashin sankara a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa a Yamai a 2021. Sai dai kuɗin jinya ya fi ƙarfin talaka. Gwamnatin da ta sa sankarar mata cikin ayyukan kyauta tana da ikon yafe wa mai sankarar huhu ko da kuɗin gwaji ne.

Mai Girma Gwamna, Mai Girma Prefe, sai batun rigakafi: dokar yaƙi da taba tana nan tun 2006, amma yara na sayen sigari kara-kara a tasha da kasuwa, shisha kuma ta shigo. Wannan yana hannunku. Ku haɗa kai da Mai Martaba Sarkin Illela da limamai, a aiwatar da dokar, a kuma tallafa wa iyayenmu mata da murhu mai rage hayaƙin itace.

Allah ya ɗora muku amanar rayukanmu. Muna roƙonku da ku sa waɗannan buƙatu cikin kasafin shekara mai zuwa, ku kuma sanar da jama'ar Illela ranar da za a fara.