Wanda fari ya koro, wace doka ta san da shi?

Duk mai cin kasuwar Konni, Illela, Ɗan Isa ko Jibiya ya san su: mutanen da damina ta ƙi, ko ambaliya ta cinye musu gida, yanzu suna dako a tasha. Mukan kira su ƴan gudun hijira, amma dokar duniya ba ta ba su wannan suna ba.

A yarjejeniyar Jeniba ta 1951, ɗan gudun hijira shi ne wanda ya tsallake iyaka don ana gallaza masa saboda launin fata, addini, asalin ƙasa, rukunin jama'arsa ko ra'ayin siyasa. Fari ba ya ciki, ambaliya ma haka. A 2020 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana hukuncinsa kan wani mutumin Kiribati, ƙasar tsibirai da teku ke ci, wanda New Zealand ta hana mafaka. Kwamitin ya ce bai halatta a mai da mutum inda canjin yanayi zai halaka shi ba, amma shi mutumin bai yi nasara ba. An ce haɗarin bai iso ƙofarsa ba tukuna!

Afirka ta ɗan yi hoɓɓasa. Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta ambaci waɗanda bala'in yanayi ya raba da gida, kuma a 2018 Nijar ta kafa dokar kare waɗanda suka yi hijira a cikin gida. To amma iyakarta ke nan: da ka taka ƙasar maƙwabta, inuwar ta ƙare.

Gaskiyar magana, abin da ya daɗe yana rufa wa talakanmu asiri shi ne yarjejeniyar CEDEAO ta 1979, mai ba da zaman kwana 90 babu biza. Dattawanmu ba su manta da 1984 ba, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, har aka laƙaba wa yunwar suna El Buhari.

Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025. Muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa, masu bakin da hukuma ke ji, da su nemi ƙasashen biyu su rubuta baƙi da fari cewa wanda fari ko ruwa ya koro ba za a mai da shi daga bakin shinge ba, ko da kartarsa ta bi ruwa.