A KARANTA JIKIN TAYA KAFIN A BIYA KUƊINTA

Duk nauyin motar gida, da mutanen cikinta da kayansu, yana kan wurare huɗu ne inda tayoyi ke taɓa kwalta, kuma faɗin kowane wuri bai wuce na tafin hannun babban mutum ba. Ta nan birki ke kamawa, ta nan kuma sitiyari ke juya mota. Amma abin mamaki shi ne, magidancin da zai kwana yana bincike kafin ya sayi batir, shi ne zai sayi taya a bakin titi don kawai ya ga zanenta da zurfi kuma farashinta da sauƙi. A ra'ayina wannan ganganci ne, domin abin da ya kamata mai saye ya sani a rubuce yake a jikin tayar.

Mu fara da shekaru. Robar taya takan sami ƙarfi ne ta hanyar dafa ta da farar wuta, dabarar da Charles Goodyear ya gano a Amurka a 1839. Sai dai roba ba ta dawwama a yadda aka dafa ta. Iskar oksijin tana shiga cikinta sannu a hankali, ta busar da ita, ta raunana mannewar da ke tsakaninta da wayoyin ƙarfen da ke cikin taya. Zafi kuwa yana hanzarta wannan aiki, kamar yadda ɗaliban kimiyya suka sani game da yawancin sauye-sauyen sinadarai. Wato taya tana tsufa ko da a jingine take a shago ba ta taɓa hawa titi ba. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara kan haura digiri 40, tsufan ya fi sauri.

A gefen taya akwai jerin haruffa da lambobi da ke farawa da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobin uku ne kawai, to an yi ta kafin shekarar 2000. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya ga masani duk shekara da zarar ta yi shekara 5 tana aiki, a kuma cire ta idan ta cika shekara 10 ko da zanenta bai suɗe ba. Wasu masu ƙera motoci shekara 6 suka yanke.

Abu na biyu shi ne girma da ƙarfi. Mu ɗauki rubutun da aka saba gani a ƙananan motoci: 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin taya ce da milimita. Lamba 65 tana nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, wato kimanin milimita 127. Harafin R yana nuna yadda aka jera zaren cikinta, sannan 15 girman wilin da za ta hau ne da inci. Lamba 91 alama ce ta nauyin da za ta iya ɗauka, kilo 615, harafin H kuma yana nufin iyakar gudunta kilomita 210 a awa. Abin da ya dace da kowace mota yana cikin littafinta, ko a ɗan allon da ke jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai. Wanda ya sa tayar da lambar nauyinta ta gaza wannan, sannan ya loda iyali da buhunan hatsi, ya ɗora mata abin da ba a yi ta dominsa ba.

Wannan ya kawo mu ga tayoyin gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Legas a 2008, kasuwarmu ta koma dogaro da na waje, kuma da yawa daga ciki tsofaffi ne, duk da cewa gwamnati ta sa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci cikin kayan da ta hana shigowa da su. Babbar illar tayar gwanjo ita ce ba wanda ya san tarihinta. Ta yiwu ta daki gefen kwalbati wayarta ta tsinke daga ciki, ta yiwu an yi tafiya da ita ba iska, kuma ido ba ya ganin irin wannan rauni. Bugu da ƙari, wasunsu tayoyin hunturun Turai ne, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Robarsu mai laushi ce, an haɗa ta don sanyin da bai kai digiri 7 ba, saboda haka a kwaltarmu takan yi zafi ta suɗe da wuri.

Na san abin da mai karatu zai ce: sabuwar taya tana da tsada, albashi kuwa bai kai ba. Gaskiya ne, kuma ba don sha'awa mutane ke sayen gwanjo ba. To amma sai a yi lissafi. Sabuwar taya takan zo da zane mai zurfin kimanin milimita 8, kuma dokar ƙasashen Turai ta hana hawa titi da wadda zanenta ya gaza milimita 1.6. Tayar gwanjo mai milimita 4 ke nan saura mata milimita 2.4 daga cikin 6.4 masu amfani, wato ƙasa da kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya saye ta a rabin kuɗin sabuwa ya yi asara tun kafin a zo maganar haɗari. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe.

Idan kuɗi ba su isa huɗu ba, a sayi sababbi biyu iri ɗaya, a sa su a baya. Dalili kuwa, zanen taya shi ke korar ruwa daga ƙarƙashinta da damina, kuma idan tayoyin baya suka zame mota takan juya, abin da ya fi wuyar gyarawa da sitiyari fiye da zamewar gaba. Bayan an saya, a riƙa auna iska da safe kafin mota ta motsa, domin iska tana ƙara matsi idan ta yi zafi. Tayar da iskarta ta gaza takan yi ta lanƙwashewa tana tara zafi har ta fashe. Kada kuma a manta da safaya, ita ma tana tsufa a cikin but.

Idan taya ta fashe a hanya mukan ce tsautsayi ne, alhali sau da yawa dalilin yana rubuce a gefenta tun ranar da aka saye ta. Saboda haka ina kira ga malaman kimiyya da su fita da ɗalibai wurin ajiye motocin makaranta, su karanta tayoyi tare, su lissafa shekarunsu da nauyin da za su iya ɗauka. Ɗalibi kuma idan ya koma gida ya duba motar mahaifinsa ko ta maƙwabci, in ya ga lambar da ba ta kwanta masa ba, ya faɗa musu cikin ladabi kafin tafiya ta gaba.