Ben-Hur, The Chosen da Abin da Matasanmu Ke Ɗauka Nassi Ne

Kwanakin baya, a wurin binciken Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba, muna kan Markus 1:29-31 inda Yesu ya warkar da surukar Bitrus, sai wani saurayi ya ɗaga hannu ya ce sunan matar Bitrus Eden, har ma ta taɓa yin ɓari. Mutane da dama suka gyaɗa kai. Muka ce ya nuna mana ayar. Ya yi ta juya shafi bai samu ba, domin babu ita. Littafi Mai Tsarki ya nuna Bitrus yana da mata, Bulus ma ya ambaci haka a 1 Korintiyawa 9:5, amma bai faɗi sunanta ba. A fim ɗin The Chosen ya gani, wanda Dallas Jenkins ya fara fitarwa a 2019, wanda yanzu yake cikin wayoyin 'ya'yanmu.

Wasu dattawa sun ce a hana. Mun fahimci tsoronsu, amma ba mu yarda da su ba. Annabi Natan da ƙagaggen labari ya kama Dawuda, Ubangijinmu kuma da misalai ya koyar. Hani ma ba zai yi aiki ba, sai dai a kalla a ɓoye. Abin da ya rage mana shi ne mu zaɓa wa jama'armu masu kyau, mu kuma nuna musu inda Nassi ya tsaya, inda marubuci ya fara. A ganinmu littafi ya fi fim sauƙin wannan aiki, domin mai karatu yana iya dakatawa ya buɗe Littafi Mai Tsarki a gefe. Fim kuwa yakan dasa fuska da murya a zuciya, cire su sai an sha wuya.

Na farko da za mu ba da shawara shi ne Ben-Hur, wanda Lew Wallace, tsohon janar na sojan Amurka, ya buga a 1880. Da yawa sun san fim ɗinsa na 1959 saboda tseren karusai, amma nauyin labarin yana wani wuri. Yahuda Ben-Hur ɗan babban gida ne a Urushalima. Abokinsa na ƙuruciya, Messala Baroma, ya bashe shi a kan laifin da bai yi da gangan ba. Aka kai shi bauta yana tuƙa jirgin yaƙi, aka kulle uwarsa da ƙanwarsa har suka kuturce. Ya dawo da dukiya da ƙarfi, ya rama, har ya tara mayaƙa yana jiran Almasihu ya ba da umarni a far wa Romawa. Umarnin bai zo ba. Sarkin da yake jira gicciye ya nufa.

'Yan'uwa, wannan ba baƙon labari ba ne gare mu. Akwai ikilisiyoyinmu da suka binne mutanensu, akwai matasa da suka ga an ƙone gidan iyayensu, suna kuma tambayarmu har yaushe za a ce su yi haƙuri. Idan muka karanta musu Romawa 12:19 daga bagade, wani lokaci sai su ji kamar faston bai san zafin ba. Littafin Wallace bai raina fushin Yahuda ba. Ya bi shi shafi bayan shafi har mai karatu ya ji yana so a rama, sa'an nan ya nuna ramuwar ba ta warkar da uwarsa ba. Yesu ne ya warkar da ita. Zumuntar matasa za ta iya yin wata uku a kan wannan kaɗai.

Amma ga inda za a lura. Littafin ya buɗe da masu hikima uku daga gabas, kowa da sunansa. Matiyu 2 bai faɗi yawansu ba, bai faɗi sunansu ba. Kyautai uku ya lissafta, daga nan al'ada ta ɗauko adadin. Mu kanmu mun daɗe muna sa yara uku su tsaya a wasan Kirsimeti, saboda haka kada mu yi wa saurayin nan dariya da yawa.

Na biyu shi ne Quo Vadis na Henryk Sienkiewicz, ɗan ƙasar Poland, wanda ya fito a 1896. Yana kan masu bi na Roma a zamanin Kaisar Nero, bayan gobarar shekara ta 64. Cewa Nero ya ɗora wa Kirista laifin gobarar ya kuma azabtar da su, wannan tarihi ne, Tacitus marubucin Roma ya rubuta shi. Amma labarin da sunan littafin ya fito daga ciki, wato Bitrus yana gudu daga Roma ya gamu da Yesu a hanya ya juya, ba ya cikin Sabon Alkawari. Daga wani rubutu ne na ƙarni na biyu da ake kira Ayyukan Bitrus, wanda ikilisiya ba ta karɓa a matsayin Nassi ba. Mun taɓa jin an yi wa'azi da shi kamar aya ce.

Zumuntar mata za ta ji daɗin A Voice in the Wind na Francine Rivers, 1993, labarin wata yarinya mai bi da aka kama baiwa bayan faɗuwar Urushalima a shekara ta 70. Akwai wuraren da ya bayyana lalatar Roma a fili, don haka na manya ne. Yaran sakandare kuwa a ba su The Bronze Bow na Elizabeth George Speare, 1961.

Akwai wanda ba za mu sa a kabad ɗin ikilisiya ba, The Red Tent na Anita Diamant, 1997. Farawa 34 ta ce ɓata Dinatu aka yi. Littafin ya mai da abin soyayya. Cike gurbin da Nassi ya yi shiru a kai abu ne dabam da musanta abin da ya faɗa, kuma da wannan ma'auni muke auna kowane littafi da kowane fim irin wannan.

Matsalar da ta rage ita ce harshe. Da Turanci ake samun waɗannan littattafai, alhali yawancin iyayenmu a ƙauye da Hausa suke karatu, tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ben-Hur da Quo Vadis sun tsufa har ana samunsu kyauta a intanet. Muna roƙon malamanmu na makarantun tauhidi da na koyon Littafi Mai Tsarki su ɗauki ko da guda ɗaya su mayar da shi Hausa, su sa alama a gefen shafi duk inda labari ya rabu da Nassi. Kafin a samu wannan, duk ƙungiyar da za ta karanta ko ta kalla tare, a sa mutum ɗaya ya riƙe Littafi Mai Tsarki a buɗe, aikinsa shi ne ya nemo ayar.