Suna Ya Fi Yawa: Darasi Daga Kasuwar Giyar Inabi

Na san wani zai ga kan maganar nan ya ce me ya haɗa mu da giya? Gaskiya ne, ba ma sha, ba ma sayarwa, addini ya haramta mana. Amma kasuwa kasuwa ce, kuma Bahaushe ya ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ku biyo ni sannu a hankali.

Ƙasashe uku, Italiya da Faransa da Sifaniya, su ke samar da wajen rabin giyar inabin duniya. To amma Faransa ba yawa ta riƙe ba, suna ta riƙe. Tun 1935 ta kafa doka cewa giyar da za ta amsa sunan wani yanki sai a can aka noma inabinta, kuma sai an bi ƙa'idar yadda za a yi ta. Shi ya sa a Tarayyar Turai ba ka isa ka rubuta Champagne a kwalbarka ba sai in daga wannan yankin ta fito. Ko taka ta fi tasu daɗi, sunan nasu ne, kuɗin ma nasu ne.

A 1976 wani ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya shirya gasar ɗanɗano a birnin Paris. Alƙalan Faransawa ne, kuma an ɓoye musu sunan kwalaben. Da aka buɗe sakamako sai ga giyar Kalifoniya ta Amurka a sama! Wannan abin kunya shi ya ƙarfafa wa sababbin shiga gwiwa: Amurka, Ostiraliya, Chile, Afirka ta Kudu. Su dabararsu daban ce, manyan gonaki, manyan kamfanoni, araha da talla.

Amma ina araha ta kai Ostiraliya? Ta samu babban mai saye guda ɗaya, ƙasar Sin, tana kai mata giyar sama da dalar Ostiraliya biliyan 1 a shekara. Manoma suka faɗaɗa gonaki, kowa yana murna. Da siyasa ta haɗa gwamnatocin biyu faɗa, a ƙarshen 2020 Sin ta ɗora haraji, a Maris 2021 ta kai shi har kashi 218 cikin ɗari. Ciniki ya tsaya cak. Giya ta cika rumbuna, farashin inabi ya faɗi warwas, wasu manoman suka tuge itatuwan da suka yi shekaru suna raino. Sai a Maris 2024 aka janye harajin, bayan ɓarna ta riga ta auku. Waɗanda suka yi faɗan suna ofis, wanda ya sha wuya yana gona.

Su ma masu sunan ba su tsira gaba ɗaya ba, domin masu sha suna raguwa. A 2024 abin da duniya ta sha ya yi ƙasan da ba a gani ba tun 1961. A 2023 gwamnatin Faransa ta ware yuro miliyan 200 don a narkar da rarar giya a mayar da ita sinadarin masana'antu. Sai dai ku lura, masu giyar araha ne suka fi kuka.

Ra'ayina a nan shi ne: mai sayar da kaya ba suna, kullum dillali ne ubangidansa, kuma mai abokin ciniki ɗaya bawa ne ko bai sani ba. Wannan tsarin kare suna kuwa ba na giya ba ne kaɗai. A 2013 Kamaru ta yi wa barkonon Penja irin wannan rajista, daga baya Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi. Wani zai ce takarda ba ta cika ciki. Haka ne, suna ba ya aiki sai da inganci da haɗin kan masu sana'a, in ɗaya ya yi algus duka ya shafa. Amma ai wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Faransa ta fara tun shekaru 90 da suka wuce.

To mu zoɓonmu da riɗinmu da fatarmu, sunan wa suke amsawa idan sun tsallaka teku? Ina jiran ra'ayoyinku. Allah Ya sa mu dace, amin.